Jinjina ga Zumuntar Mata ta EYN

Ranar Lahadi ake ganin su cikin anko, ana buga bakin tulu da tafin hannu, caki na amsawa. Amma ainihin aikinsu a tsakiyar mako yake: gaida mara lafiya, girkin gidan makoki, karo-karon kuɗin makarantar marayu.

Ekklesiyar EYN da aka kafa ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 ta ga tashin hankali a 2014. Aka sace 'yan matan Chibok, galibinsu 'ya'yanta, aka mamaye hedikwatarta ta Kwarhi. Matan zumuntar kuwa, wasunsu da ɗanyar takaba, ba su fasa taro ba ko a sansanin gudun hijira. Mai mudun masara ta raba biyu, a yi addu'a, a koma koyon waƙa.