Hoton Inuwa a Bisa Ruwa Mai Motsi

Yawancinmu mun ɗauki hoto a kan shaida. Mutum ya je wurin mai hoto ya tsaya cik, a ɗauke shi. In kamanninsa sun fita sosai a ce hoto ya yi kyau, in kuwa sun yi dishi-dishi a ce ya lalace. To, akwai wani irin hoto wanda wannan ma'auni ba ya iya auna shi, watau hoton inuwar da ke faɗawa bisa ruwa mai motsi. Mai dubansa ba zai ga gida ko itace sosai ba, sai launuka a murɗe, ja ya kutsa cikin shuɗi. Shin wannan gwaninta ce, ko ɓarnar takarda?

Bari mu duba aikin wani gwani, Ernst Haas. An haife shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1921, ya mutu a Niyok ta Amurka a 1986. A zamaninsa manyan masu hoto suna raina hoto mai launi, suna cewa na 'yan talla ne. Shi kuwa ya riƙe shi, har a 1962 babban gidan ajiye zane-zanen zamani na Niyok ya baje hotunansa masu launi don jama'a su gani. A 1955 ya yi aiki a Banis ta Italiya, birnin da aka gina bisa tsibirai fiye da 100, inda jiragen ruwa ke bin hanyoyin da a wani gari da ƙafa za a bi. Sau da yawa yakan bar abu ya ɗauki inuwarsa. A 1971 kuma ya fitar da littafinsa The Creation, na hotunan ruwa da wuta da sauran halitta.

Ga yadda abin yake. Ruwa in ya kwanta madubi ne guda. Da iska ta taɓa shi sai ya zama madubai dubu, kowane yana fuskantar wajensa, wani ya ɗauko sama, wani ya ɗauko bango. Ido ba ya iya riƙe wannan, domin kafin ƙiftawa ya sāke. Amma kyamara tana da ɗan murfi mai buɗewa ya rufe. In ya rufe da sauri ƙwarai, sai siffar ta tsaya da gefenta tsaf. In an jinkirta shi, sai launuka su narke cikin juna. Ashe ke nan hoton nan ma shaida ne. Abin da ya nuna ya faru da gaske, sau ɗaya tak, ba kuwa zai sāke faruwa ba.

Amma fa kada mu yabi kowane irinsa. Ruwa ne ke yin zane, aikin mai hoto zaɓe ne: inda zai tsaya, da lokacin da zai danna, da abin da zai bari a waje. Nan ake gane gwani. A hotunan Haas masu kyau, ko yaya launi ya watse, akwai abin da ido zai kama, ko duhun jirgi ko layin gini, har mai dubawa ya ce, "Af, ashe ruwa ne!" Wannan ganewa ita ce daɗin hoton. Inda babu ita, hoto ya zama kamar adon atamfa, a yaba a wuce, gobe an manta. Wannan aibi ya yawaita yanzu da kowa ke da kyamara a wayarsa, a ɗauki hoto ɗari a ƙara masa launi, a ce an yi fasaha.

Saboda haka, mai karatu, in ka gamu da irin wannan hoto kada ka yi saurin cewa ya lalace, kada kuma ka yaba don ka ji ana yabo. Tsaya ka tambayi kanka abu biyu. Ka ga ruwan a cikinsa? Bayan ka kau da kai, akwai abin da ya saura a zuciyarka? In ka sami biyun nan, mai hoton ya yi aikinsa, ya koya maka duban abin da kullum kake wucewa a bakin kogi.