Gwanin da Ke Tsayawa a Gefen Rumfa

Duk taron da za a yi a Darna Sabon Gari, ko a wata mazaɓa ta ƙaramar hukumar Illela, ba a rasa wayoyi a sama. Rabon taki ne, ko kamfen, ko zaman 'yan kasuwa da jami'an kan iyaka, da babban baƙo ya miƙe sai ka ga hannuwa sun tashi. Yawancin hotunan iri ɗaya ne: babbar riga, makirfo, murmushi. Amma cikin masu ɗagawar akwai mutum ɗaya ko biyu da aikinsu ya fita daban. Ba su da katin wata jarida, ba ɗan siyasar da ke saya musu data, amma abin da suka ɗauka yakan zama shaida. Ina ganin girman waɗannan mutane ƙwarai, don abin da suke yi ilimi ne mai zaman kansa.

Garin iyaka yana bukatarsu fiye da birni. Wakilan jaridu da gidajen rediyo suna Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, alhali manyan hukunce-hukunce a kan Illela suke sauka. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka buɗe ta a Disamban 2020. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. Titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, daga Illela ya faro, kuma duk inda titi zai ratsa gona sai an zauna maganar diyya. Irin waɗannan al'amura a bainar jama'a ake bayaninsu, a yi alkawari da baki, a watse. In ba ɗan gari ya ɗauka ba, babu mai ɗauka.

Gwanin yakan riga kowa zuwa. Kafin a gama jera kujeru ya je ya durƙusa gaban hakimi ko shugaban taro: "Ranka ya daɗe, ina so in ɗauki zaman nan don 'yan'uwanmu da ke nesa su gani." Sau da yawa doka ba ta wajabta masa wannan ba, amma gaisuwar minti ɗaya ita ce ke hana dogari ko ɗan banga dafa masa kafaɗa a tsakiyar jawabi. Daga nan sai ya duba rana. Taronmu na rumfa ne, manya a inuwa, bayansu fili yana ƙyalli, shi ya sa hoton wanda bai iya ba yakan fito da fararen riguna da fuskokin da ba a gane su. Shi kuwa yakan ba rana baya, ya taɓa fuskar mai magana a jikin gilashin waya don hasken ya daidaita a kanta. Lokacin hunturu yana goge idon kyamarar da bakin riga a kai a kai, saboda ƙura. Ba ya janyo hoto da yatsa, don a Tecno ko itel janyowa dusashewa ce. Da ƙafa yake matsawa. In bidiyo ne, yakan kwantar da wayar, ya manna gwiwar hannu a ƙirji, ya kauce wa bakin lasifika, ya bar mai magana ya kai ƙarshen zancensa, domin rabin magana ya fi ƙarya ɓarna.

Inda na fi jinjina masa shi ne abin da yake juya wayarsa a kai. Kowa na kallon babban tebur, shi yana ɗaukar filin gaba ɗaya tun daga baya, yadda ba mai cewa an cika ko ba a zo ba. Yana ɗaukar ƙyallen da aka rataya, don a nan sunan taro da kwanan wata suke. Yana ɗaukar tulin buhuna kafin a fara rabo. Sama da komai yana bin takarda: jadawalin rabo da aka liƙa a bango, allon kwangila, sakamakon zaɓe da hukumar INEC ke mannawa a rumfa bayan ƙirga. Yakan tsaya daidai gabanta, kusurwoyi huɗu su shiga, ya buɗe hoton nan take ya tabbata kowace lamba tana karantuwa. Fuskar shugaba kowa ya san ta. Lambar da ke kan takarda ita ce ke canzawa tsakanin fili da ofis.

Yana kuma da abin dogaro a doka. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin karɓar bayani da isar da shi, bai ce sai mai katin jarida ba. Sashe na 40 ya ba da 'yancin taruwa, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro. Ita kanta rundunar 'yan sanda ta faɗa ta bakin kakakinta cewa ɗaukar jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne. Sai dai gwani ya san inda 'yancin ya tsaya. Ba a ɗaukar hoto a zaman kotu sai da yardar alƙali. Ba a shiga da waya wurin dangwala ƙuri'a. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar wuraren tsaron da aka keɓe, kuma a gari mai shingen soja da kwastam da jami'an shige da fice, mai hankali ba ya saita waya a kansu haka kawai. Taron da aka yi a zauren wani, mai zauren ke da iko da shi.

Rigima ba kasafai daga hoton take tasowa ba, daga rubutun da ke ƙarƙashinsa ne. Ɓata suna laifi ne a dokar finalkod, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da dama hannun hukuma. An rage masa faɗi a 2024, amma har yanzu yana hukunta yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne don ta da fitina. Saboda haka gwanin yana rubuta wuri, rana, wanda ya yi magana, abin da ya ce. "An ce buhu ɗari, ga abin da aka sauke." Kalmar ɓarawo ba ta fita daga yatsansa. Yana kuma ajiye asalin hoton, don WhatsApp yana matse hoto ya share bayanin rana da wurin da ke ɓoye a cikinsa, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Wannan asalin ne lauya zai nema idan aka je gaban kotu ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011.

Akwai abin da ba doka ce ta koya masa ba. A gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga ke da infoma kuma su ma suna duba Facebook, fuskar wanda ya miƙe a taron tsaro ya faɗi ta inda ake shigowa tana iya zama sanadin ransa. A irin wannan zama gwanin yakan ɗauki ƙeyar jama'a da fuskar jami'an da suka zo da sunan ofis, ya kashe alamar wuri a wayarsa, wani lokaci ya mayar da ita aljihu gaba ɗaya. Haka a layin tallafi. Dattijuwar da ta zo karɓar tiya biyu ta gero ba ta zo a nuna wa duniya talaucinta ba. Zai ce, "Inna, in ɗauka?" In ta ja hijabi ta rufe fuska, ya sami amsa. Mai riƙe da amanar jama'a shi ya cancanci a haska shi; mai neman rufin asiri a bar shi da asirinsa. Rarrabe waɗannan biyu cikin daƙiƙa ɗaya, ana turereniya, shi ne mafi wuyar sana'ar.

Sai kuma Konni, garin da ke tsallaken iyaka a ɓangaren Nijar. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, har waya takan kama layin Nijar tun mutum bai tsallaka ba, amma doka daban ce. A ƙarƙashin dokar intanet ta Nijar ta 2019 aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020, kuma a Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ake ganin zai dagula zaman lafiya. Sashe na 39 ba ya bin ɗan Illela zuwa can. Shi ya sa idan taron 'yan kasuwa ko na direbobi ya kai gwanin ƙetare, ba ya fito da waya sai ya tambayi masu masaukinsa, kuma ba ya sa komai a intanet sai su da za su kwana a garin sun gani sun amince.