Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoto a Titi

Masu ɗaukar hoto a titi sun cancanci yabo, domin sukan daɗe tsaye suna jiran haske, inuwa da mai wucewa su daidaita, abin da ake kira tsarin hoto, wato zaunar da kowane abu a gurbinsa kafin a danna kyamara. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya kasance yakan sa a wanke hotunansa da baƙin layi a gefe, shaidar ba a datse komai ba, ko da yake shahararren hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, sai da aka rage gefensa na hagu saboda shinge ya tare shi. Ba don haƙurin masu ɗaukar hoto a titi ba, da kamannin rayuwar talakawan birane da yawa sun ɓace.