Tarken Kundin Dabarun Tsaron Ƙasa na 2019: Wa Ke Riƙe da Linzamin Soja?

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan Kundin Dabarun Tsaron Ƙasa da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fitar a 2019, domin a ga ko ya warware matsalar da ke damun Nijeriya tun juyin mulkin Janairun 1966, wato yadda farar hula za su riƙe linzamin soja.

Da farko, kundin ya cancanci yabo, domin ya ɗauki abinci da lafiya da aikin yi a matsayin ginshiƙan tsaro. Sai dai rauninsa shi ne, bayanin manufa ne kawai, ba doka ba ce. Ikon sarrafa dakaru yana cikin sashe na 218 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya damƙa shi ga Shugaban Ƙasa, ya kuma yarje masa wakilta wani daga cikin sojoji. Ba a ambaci Ministan Tsaro a wannan sashe ba.

Misalai biyu daga Jigawa ta Arewa maso Yamma za su fito da wannan batu fili. Na farko, Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, farar hula, ya riƙe Ma'aikatar Tsaro daga Agustan 2023 zuwa Disamban 2025, kuma wanda ya gaje shi, Janar Christopher Musa, tsohon Babban Hafsan Tsaro ne. Ke nan zaman farar hula a kujerar zaɓin shugaba ne, ba tanadin doka ba.

Na biyu, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka, ECOWAS kuma ta yi barazanar kai yaƙi. Da an gwabza, da Babura mai iyaka da Nijar, da Kazaure, Roni da Gwiwa suna cikin masu fara ɗanɗana kuɗarsu. Majalisar Dattawa ce, a ranar 5 ga Agusta, ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, ta nemi a bi hanyar sulhu.

A ƙarshe, wannan takarda tana ganin linzamin gaskiya yana hannun Majalisar Tarayya, wadda sashe na 218(4) ya ba ikon yin dokar daidaita ikon shugaba a kan soja, ga kuma kasafin kuɗi. Duk kundin da bai wajabta wa hafsoshi ba da bahasi a gabanta ba, ya bar jaki yana dukan taiki.