Gidajen Tarihi: Sunan Mai Gida da Shirun Magina

Gabatarwa

Wannan ɗan tsokaci zai dubi tsofaffin gidajen da ake adanawa domin maziyarta, da irin labarin da ake bayarwa a cikinsu. Abin da muka lura shi ne, gidan tarihi yakan ambaci mai gida, ya yi shiru game da waɗanda suka gina shi.

Misali daga Kano

Ɗalibin da ya shiga Gidan Makama zai ji cewa ana danganta ginin da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. A Gidan Ɗan Hausa kuwa, zai ji labarin Hanns Vischer da makarantar da ya buɗe a Nasarawa a 1909. Duka wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. To amma wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya cura tubali, ya faskara azara daga giginya, ya shafe bango da makuba? Ba kasafai tarihi ke riƙe sunan magini ba, in ban da irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, mai ginin Masallacin Juma'a na Zariya. Ga shi kuwa ginin ƙasa sai da yaɓe bayan damina, wato da ba don ma'aikata na kowane zamani ba, da babu abin da za mu je kallo.

Yadda Amurka ta yi

Haka abin yake a can da farko. Wata ƙungiyar mata ta sayi Mount Vernon, gidan George Washington, a 1858, aka daɗe ana nuna wa baƙi ɗakunansa da kujerunsa. Alhali lokacin da ya mutu a 1799, bayi 317 ne ke zaune a gandun. A 1983 aka kafa dutsen tunawa a maƙabartarsu, a yau kuma ana karanta wa maziyarta sunayensu da sana'o'insu. Darajar gidan ba ta ragu ba, sai ma labarinsa da ya cika.

Kammalawa

Mu da ke Gwantu da kewayen Kafanchan muna da namu gadon. Tun da dogo ya haɗe a Kafanchan a 1927 aka tayar da tasha da gidajen ma'aikata, kuma mutanen ƙasar nan ne suka yi dakon duwatsu da haƙa. Idan aka tashi adana waɗannan gine-gine, kada a tsaya ga sunayen Turawan da suka kwana a ciki. Jikokin leburorin suna raye, wasu na riƙe da labari da waƙoƙin aiki. Ya rage ga ɗaliban Sashen Hausa su je gare su da alƙalami da rikoda tun kafin tsofaffi su ƙare, domin da sanyin safiya ake kama fara.