Kada Mu Riga Mai Makoki Cewa Amin: Sharhi a Kan Addu'armu Domin Waɗanda Aka Zalunta

Gabatarwa

Wani ɗalibinmu da ya dawo daga aikin gwaji a wata ikkilisiyar ƙauye ya ba mu labarin abin da ya gani a addu'ar Laraba. Wata gwauruwa ta zo majami'a kwana tara bayan an binne mijinta, wanda aka kashe a gona. Da lokacin roƙo ya yi, fasto ya kira ta gaba, ya ɗora mata hannu, ya roƙi Allah ya tumɓuke ɗacin rai daga zuciyarta a daren nan, domin kada rashin gafara ya toshe mata hanyar albarka. Jama'a suka amsa amin da ƙarfi. Ita kuwa ba ta buɗe baki ba.

Bayan wata biyu ɗalibin ya lura ta daina cin Jibin Ubangiji. Ya je gidanta ya ce, “Mama, lafiya ba ma ganinki a teburin Ubangiji?” Ta ce, “Ɗana, Baba Fasto ya ce wanda bai yafe ba, Allah ba ya jin sa. Ni kuwa ban iya ba tukuna. To, me zan je yi a can?”

Wannan fasto ba mugu ba ne. Irin addu'arsa mun yi ta, mun kuma koya wa ɗalibai yin ta. Saboda haka sukan da za mu yi a nan, kanmu za ta fara taɓawa.

Abin da ke daidai a cikin addu'ar

Adalci ya wajabta mana mu fara da wannan. Ubangijinmu ya ɗaure gafarar da muke nema da gafarar da muke bayarwa, a Matiyu 6:14-15 da Markus 11:25, kuma babu mai ikon kwance su. Har wa yau, duk wanda ya ga Kaduna a shekarar 2000, ko Jos a 2001 da 2008 da 2010, ya san yadda ramuwar gayya ke cinye unguwa a wuni ɗaya. Faston da ya ga samari cike da majami'a suna huci bayan jana'iza yana da dalilin jin tsoro. Manufarsa mai kyau ce. Amma kyakkyawar manufa ba ta hana magani ya zama guba idan aka ɗura shi ba a kan lokaci ba.

Kurakurai uku

Na farko, abin da faston ya yi wa'azi ne aka sa masa rigar addu'a. Sunan Allah ya kira, amma da matar yake magana, a gaban jama'a, a inda ba ta da halin mayar da amsa. Mai roƙo domin wani yakan tsaya kusa da shi, su biyun suna fuskantar Allah. Da zarar ya juya ya fuskanci mutumin, ya bar matsayin mai roƙo ya hau kujerar alƙali.

Na biyu, addu'ar ta mayar da gafara kuɗin shiga gaban Allah. Mukan kafa hujja da misalin bawa marar tausayi a Matiyu 18:23-35, amma mu dubi jerin labarin. Sarki ne ya fara yafe bashin talanti dubu goma, abin da bawa ba zai iya biya ba ko da ya yi aiki iyakar ransa. Bayan haka ne bawan ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, wato ladan kwana ɗari na ɗan ƙwadago, alhali ɗan'uwan yana durƙushe yana roƙo. Gargaɗin yana kan mai ƙarfi da ya hana jinƙai ga wanda ke neman jinƙai. Gwauruwar nan wuyan wa ta shaƙe? Wa ya zo ya durƙusa mata? Makasan mijinta ko fuskarsu ba ta sani ba. A Luka 17:3-4 ma akwai tsautawa, akwai tuba, akwai gafara. Mu kuwa mukan tsallake biyun farko mu ɗora na ukun a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin maganar.

Na uku, addu'ar ta tsallake makoki. Zaburar kuka sun fi kowane irin zabura yawa a cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu, ba ta koma ga yabo ba, amma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba (Ayuba 2:13), kuma wannan ne mafi kyawun hidimarsu. Da suka buɗe baki sai suka ɓata. A ƙarshen littafin Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu, ya kuma shaida cewa Ayuba, wanda ya yi ta kuka da gardama, shi ne ya faɗi gaskiya a kansa. Sai a sura ta 42 Ayuba ya yi addu'a domin waɗanda suka ƙuntata masa. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Shekara 22 ke nan, kuma sai da ya gwada su ya ga ko za su yashe da Biliyaminu kamar yadda suka yashe shi. Mu kuwa kwana tara muka ba gwauruwa.

Ɗaya gefen: addu'ar kiran wuta

Wanda ya ji wannan suka kada ya ɗauka muna goyon bayan abin da ake yi a wasu tarurrukan kwanan addu'a, inda ake tafi ana kiran wuta ta sauko a kan maƙiya, har a ambaci kishiya ko ɗan'uwan uba. Masu yin haka sukan fake da Zabura 35 da 109. Amma mai zabura yana miƙa ƙararsa ga Alƙali ne ya bar hukunci a hannunsa, yadda Bulus ya koyar a Romawa 12:19. Dawuda, wanda sunansa ke kan waɗannan zaburar biyu, sau biyu Saul ya faɗa hannunsa bai taɓa shi ba. Sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, sai ya juya ya tsauta musu (Luka 9:51-56).

Addu'ar gaggauta gafara da addu'ar kiran wuta kamar ruwa da wuta suke a ido, amma tushensu ɗaya ne. Dukansu suna so a rufe maganar yau-yau, domin mai addu'ar ba zai iya jure zama da ciwon da bai warke ba. Ɗaya tana rufe bakin mai kuka, ɗayar tana miƙa masa wuƙa. Babu wadda ta ɗauke shi ta kai shi gaban Allah yadda yake.

Abin da gicciye ya koya mana

A Luka 23:34 Yesu bai juya ga masu gicciye shi ya yi musu shelar yafewa ba, ko da yake yana da ikon gafarta zunubi a duniya. Uba ya roƙa ya gafarta musu. A bakinsa gafara ta fito da siffar roƙo domin waɗansu. Ɗalibanmu na Helenanci sun san cewa wannan jimla ba ta cikin wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu, kamar P75 da Vaticanus, amma tana cikin Sinaiticus tun rubutun farko. Masana sun rabu a kan dalili. Wasu daga cikinsu suna ganin masu kwafi ne suka cire ta domin ta yi musu nauyi, ba su so a ji Yesu yana roƙo domin waɗanda suka kashe shi. In haka ne, ashe tun dā addu'ar nan ba ta da sauƙi, har ga masu kwafar Littafi Mai Tsarki.

Istifanas ya bi wannan sawu a Ayyukan Manzanni 7:60. Ana jifansa ya durƙusa ya roƙi Ubangiji kada ya ɗora musu wannan zunubi. Saurayin da aka ajiye tufafi a ƙafafunsa, Shawulu ne. Istifanas bai ga amsar addu'arsa ba, ikkilisiya ce ta gani a sura ta 9. Musa ma ya yi kuka ga Allah domin Maryamu bayan ta yi ƙananan maganganu a kansa, aka ji roƙonsa, amma sai da ta yi kwana bakwai a bayan zango (Littafin Ƙidaya 12). An gafarta, horo kuwa bai faɗi ba.

Ga darasin da ya shafi makiyayi. Idan gafara tana farawa da roƙo, to, ikkilisiya tana iya ɗaukar roƙon a madadin wanda bakinsa bai iya furta shi ba tukuna. A Markus 2:1-12 mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye suka buɗe rufin ɗaki, kuma bangaskiyarsu Yesu ya gani kafin ya yi maganar gafara. Ba su tsaya a bakin ƙofa suna umartarsa ya tashi ya taka ba. Abin da ya kamaci faston nan shi ne ya ce wa Allah a bainar jama'a: ga 'yar'uwarmu, an zalunce ta, ka gani, ka yi shari'a, ka riƙe ta. Sa'an nan shi da dattawa su ɗauki nauyin yin roƙo domin makasan su tuba, su ce mata, “Mama, wannan kayan mu za mu ɗauka tukuna. Ranar da Allah ya ba ki ƙarfi, sai ki kama mana.” Bulus ya ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Almasihu kuma yana roƙo dominmu a dama ga Allah (Romawa 8:26, 34). Shirun gwauruwa bai kulle Sama ba.

Muna da shaida a ƙasarmu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ikkilisiya ce da aka gina a kan koyarwar salama. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a ƙarshen Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarta da makarantar Littafi Mai Tsarki da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta suka ci gaba da koyar da guje wa ramuwa. Amma ko wannan ikkilisiya mai koyarwar shekara casa'in ba ta wadatu da umartar mutane su yafe ba. Sai da ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya a cikin 'yan gudun hijira, inda mutane ke samun wurin faɗin abin da ya same su. Wanda aka saurari kukansa, shi ne yakan iya sauraron maganar gafara.

Abin da za mu gyara

Kada mu kira mai makoki gaba mu yi addu'a a kan halin zuciyarsa. Addu'ar bainar jama'a ta ambaci rashin da aka yi da zaluncin da aka aikata. Maganar zuciya ta tabarmar gida ce. Mu tambayi mutum abin da yake so a roƙa masa kafin mu buɗe baki, kuma asirin da aka faɗa mana a ofis kada ya fito ta ƙofar addu'a.

Mu bambanta gafara da sulhu, mu kuma bambanta ta da janye ƙara. Matar da mijinta ke dukanta tana iya yafewa ba tare da an mayar da ita ɗakin da za a karya ta ba. Iyayen yarinyar da aka ɓata suna iya barin ramuwa su kuma kai magana gaban hukuma. Bulus da aka yi masa dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, bai fita a ɓoye ba, sai da mahukuntan suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37-39).

Mu kuma tsare teburin Ubangiji daga zama bulala. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙudura ramuwa da wanda ke cewa ina so amma ban iya ba. Na biyun, domin irinsa aka shimfiɗa teburin.

Kammalawa

Ɗalibin namu bai yi gardama da faston ba. Ya nemi izininsa, ya riƙa zuwa gidan gwauruwar kowace Asabar tare da mata biyu daga Zumuntar Mata. Sukan karanta Zabura 13, su yi shiru, sa'an nan ɗaya daga cikin matan ta yi roƙo domin 'ya'yan marigayin, ɗayar kuma domin waɗanda suka kashe shi. Gwauruwar takan ce amin ga addu'a ta farko, ta yi shiru a ta biyu, kuma ba wanda ya matsa mata. Lahadin ƙarshe kafin ya dawo makaranta ya gan ta ta karɓi gurasa da ƙoƙo. Da aka tashi ta ce masa, “Ɗana, har yanzu ban kai ba. Amma ku ci gaba da yin waccan addu'ar, ina ji.”

Tambayoyin tattaunawa

1. A addu'ar da ka yi ta ƙarshe domin wanda aka zalunta, wa kake fuskanta, Allah ko mutumin?
2. Yaushe ikkilisiyarku ta karanta zaburar kuka a cikin sujada? In an daɗe, me ya hana?
3. Su wa a ikkilisiyarku suka daina cin Jibin Ubangiji ba tare da an sa su horo ba, kuma wa ya je ya tambaye su dalili?