Kalmar "Occult" da Masu Fassara

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ta daɗe tana ba masu fassara wahala, ita ce "occult". Da yawa in sun ci karo da ita sai su rubuta "tsafi" su wuce abinsu. Wannan ganganci ne, yana kuwa jawo ɓata sunan bayin Allah.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta kuwa abin da ke ɓoye. Likita yakan faɗe ta game da jinin da ke cikin bayan gida, wanda ido ba ya gani sai an gwada. Daga baya ne ta zama sunan ilmin ɓoye, musamman bayan wani Bajamushe mai suna Agrippa ya fitar da littafinsa na falsafar ɓoye a 1533. Sai Turawa suka tattara duba, da sihiri, da kiran aljannu, duk suka zuba a ƙwarya ɗaya.

Mu kuwa kowanne da sunansa da hukuncinsa. Duk wanda ya zauna a zaurukan malaman Unguwar Juma ko na Kona, a nan cikin birnin Zazzau, ya san haka. Tsafi bautar wanin Allah ne, kamar yanka ga dutse ko itace. Sihiri haramun ne, ba gardama. Bori hawan iskoki ne. Hisabi da hatimi kuma aiki ne na haruffa da lambobi, malamai sun yi saɓani a kansu, waɗansu sun yarda, waɗansu sun hana.

Ga misali. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan tsara hatimi, yadda jimlar lambobin kowane layi za ta zo daidai ta kowace fuska. Masana lissafi suna ambatonsa saboda wannan aiki. In Bature ya kira ilminsa "occult", sa'an nan ɗan ƙasa ya mayar da ita "tsafi", ashe mun mai da babban malaminmu matsafi da alƙalaminmu.

Har ila yau waɗansu sukan rikita ta da "cult", wadda ake fassarawa ƙungiyar asiri, don sun ji amonsu ya yi kusa. Alhali kuwa tushen wannan daban ne, daga kalmar bauta ta fito. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka mai fassara ya fara duba abin da marubucin ke nufi tukuna. In sihiri ne ya ce sihiri, in duba ne ya ce duba. In kuwa an yi jam'u ne ba a bambance ba, to, "ilmin asiri" ya fi kusa, gama ya riƙe ma'anar ɓoyewa, bai kuma yanke wa kowa hukunci ba. Hukunci na malamai ne, mai fassara amana aka ba shi. Allah ya sa mu riƙe ta, amin.